Tsohon da Na Daina Ce wa Baba

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar da ake yi wa wanda ya riga mu gidan gaskiya, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji.

Kin san aikina a New York jinyar tsofaffi ne a gidajensu. To, an tura ni wurin wani tsoho a unguwar Parkchester, huhunsa ya gaji, ba ya numfashi sai da tukunyar oksijin. Ina zuwa na fara ce masa Baba, don ke kika koya mana duk mai furfura uba ne.

Da kin ga abin da ya girke a kan talabijin, ke ma cewa za ki yi filas ɗin shayi ne. Ni har murɗa kansa na yi ina neman murfi. Ya yi ta dariya har da tari. Wai samfurin makami mai linzami ne da suka ƙera wa ƙasarsu saboda yaƙi. Ba ya cin dogon zango, iyakarsa garin maƙwabta. A kansa ake ɗura iska mai guba, in ya sauka ta shaƙe kowa, har jaririn da ke goye. Yana faɗa yana shafa shi kamar ɗan autansa. Wai ba a taɓa harba shi ba, kuma wallahi da takaici ya faɗi haka.

Tir! Ke da ko maganin sauro za ki fesa sai kin fitar da kyanwa daga ɗaki. Shi kuwa a kan wannan ƙazamin abu ya ƙarar da ƙuruciyarsa, yana jira in ce sannu da ƙoƙari. Tun ranar na janye Baba. Sunansa nake kira kai tsaye, abin da ban taɓa yi wa babba ba. Bai ma lura ba.

Jiya numfashinsa ya sarƙe. Gwanin ya zazzaro ido, ya damƙe mayafina, yana nuna robar da ke kai masa oksijin a hanci, wadda ta faɗi ƙasa. Inna, na tsaya ina kallonsa, hannuna ya yi nauyi. Na ɗauko na mayar masa, amma ba da saurin da kika san ni da shi ba. Tsoron kaina nake ji yanzu, ga shi gobe zan koma, kuma daga ni sai shi a gidan.

Allah Ya jiƙanki, Innata, Ya haskaka makwancinki. Ni kuma Ya ba hannuna sauri, ko da zuciyata ta ƙi.

'Yarki,
Balaraba