Kwana Goma Sha Tara Suka Rage wa Juwairiya

Kolere, Mubi.

Zuwa ga ɗana Muktar,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da iyalinka, kuma ina roƙon Allah ya tsare ku a can Fatakwal, ya yi wa aikinka albarka. Mu nan mun gode Allah. Ƙafar hagun tana nan yadda ka san ta, sai da sanda, amma tarin ya sake ni. Damina ta yi kyau, mayo, kogin nan namu, ya cika har ya ci gefen gonar maƙwabcinmu Vandi. Ka yi haƙuri da rubutun, na tsoho ne. Na zaɓi takarda ne domin a waya kana katse ni, a takarda kuwa dole ka bari in kai ƙarshe.

Maganar Juwairiya ce, matata, wadda har yau kake kira matar nan ta Kamaru. Ka tambaye ni me tsoho mai shekara tamanin da biyar zai yi da aure. Zan gaya maka. Shekara shida ke nan da rasuwar mahaifiyarka Aisatu, Allah ya jiƙanta. Bara na zame a banɗaki da hantsi, na kwanta a ƙasa har aka kira la'asar, sai da Vandi ya ga ban fito ba ya ɓalle ƙofa. Ban gaya maka ba domin kada in tayar maka da hankali. A gidan nan nakan yi kwana uku ban ji muryar kowa ba sai ta rediyo. Juwairiya bazawara ce daga Bukula, can tsallaken iyaka a Kamaru, ta haura sittin, takan kawo man shanu kasuwa. Ita ce ta fara duban idona ta ce, Malam, wannan ramar ba ta tsufa ba ce, ta cin abinci kai kaɗai ce. Yanzu ina cinye tuwona, har ana yi mini faɗa a kan yawan yaji.

An ɗaura aurenmu a Bukula bisa sunna, da waliyyi da shaidu, ta shigo ta iyakar Sahuda da fasfonta, aka buga mata hatimin kwana casa'in. Na je ofishin shige da fice da ƙafata. Jami'ar da na samu, sunanta Roda, ta ba ni kujera, ta yi mini bayani a tsanake. Ta ce akwai izinin zama na matar ɗan ƙasa, amma sai an kawo shaidar aure a rubuce, da fasfon mijin da ke nuna shi ɗan Najeriya ne, da hoton ango da amarya. Na ciro hoton ɗaurin aure na miƙa mata. Ta duba, ta juya shi, ta ce Baba, ai maza zalla nake gani a kan tabarma, wace ce amaryar a cikinsu? Na ce mata tun da nake ban taɓa ganin amarya a wurin ɗaurin aurenta ba, tana cikin gida a lulluɓe. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce ta sani, amma wanda zai duba takardun a Abuja yana son ya ga fuska biyu.

Saboda haka muka hau keke napep muka je wurin mai hoto a bakin kasuwa. Ya ce mu matso kusa da juna. Juwairiya ta ce masa da Fillanci ita tana da jikoki, ba za ta jingina da namiji a gaban jama'a ba, ko da mijinta ne. Ni na matsa. Shaidar auren ma mun samu, liman da shaidu sun sa hannu. Abu ɗaya ya rage, shi ne fasfona, wanda ke cikin akwatinka tun da muka dawo Hajji shekara uku da suka wuce. Sau huɗu ina tambayarka. Ka ce za ka duba, ka ce ka manta, ka ce babu mai tahowa. Muktar, ni na koya maka karatu, na san lokacin da kake neman amsa da lokacin da kake ɓoye ta. Na tambayi yadda ake yin sabo, aka ce sai na je Yola, kuma ba zai fito kafin wa'adinta ya cika ba.

A wayarmu ta ƙarshe ka ba ni zaɓi biyu. Ko in sallame ta, ka ɗaukar mini mai aiki, ko kuwa wani abokinka ya samo mata takardar da za ta ce a Belel, nan cikin Najeriya, aka haife ta, kowa ya huta, tunda a cewarka rabin mutanen bakin iyaka haka suke yi. Na ƙi duka biyun. Mai aiki yana tashi in lokacinsa ya yi. Takardar kuwa na gaya wa Juwairiya, ta ce kabarin ubanta yana Bukula, in ta sa hannu cewa ba can aka haife ta ba, 'yar wa za ta zama? Ni ma shekara talatin da biyar ina bugun yara a kan ƙarya a aji. Ba zan kai matata gaban hukuma da sunan garin da ba nata ba, sannan in mutu in bar ta tana tsoron duk mai kaki.

Kuma ka daina ce mini baƙuwa. Lokacin da aka haife ni, Mubi ba ta cikin Najeriya sosai, ƙasar amana ake ce mata. Ina da shekara ashirin da ɗaya na tsaya a layi cikin rana a 1961, na jefa ƙuri'ata aka haɗe mu da Najeriya. Da akwatin ɗaya gefen, na Kamaru, ya fi cika, da kai ne kake neman izinin zama a Fatakwal yau. Ban yi nadamar ƙuri'ata ba, kuma ina girmama dokar ƙasar da na zaɓa, shi ya sa nake bin ta ta ƙofar gaba. Amma daga Sahuda zuwa Bukula, da ina da ƙafa, tafiya ce ta tsakanin azahar da la'asar.

Na san abin da ke ranka, ko ba ka faɗa ba. Kana ganin wata ta shiga ɗakin mahaifiyarka. Ba ta shiga ba. Ta zaɓi ƙaramin ɗakin da ke kusa da rijiya, ɗakin Aisatu kuwa tana share shi duk Juma'a ta rufe. In gidan kake ji wa, gida yana nan, rabon kowa Allah ya riga ya yanka, ba ni ba.

Yau saura kwana goma sha tara wa'adin Juwairiya ya cika. Direbobin Fatakwal suna shigowa tasha duk mako, ka ba ɗaya daga cikinsu fasfon a ambulan. In ya iso, za mu kai takardu, ta zauna da ni bisa doka. In bai iso ba, ba zan bar ta ta wuce wa'adinta ko da kwana ɗaya ba, kuma ba za ta tsallaka iyaka ita kaɗai ba. Na riga na yi magana da Vandi zai riƙe makulli, ya ci gaba da ba awaki ruwa. 'Ya'yan Juwairiya a Bukula sun ce akwai ɗaki. Sai in je in zama ni ne baƙon, in ga yadda tasu dokar take karɓar tsofaffi. In ajali ya same ni a can, ƙasar Bukula ma tana karɓar gawa, sai dai kai ne za ka nemi hatimi kafin ka zo kabarina.

Ka gaishe mini da matarka Yagana, ka ce na gode da maganin ƙafa. Ka shafa mini kan jikokina Mahmoud da Mu'minat, Allah ya raya su. Juwairiya tana gaishe ku, ta ajiye wa yaran man shanu. Na sa maka hoto ɗaya a cikin ambulan ɗin nan. Ka dube shi da kyau, ka ga kumatuna.

Ni ne mahaifinka mai sa maka albarka ko ka aiko ko ba ka aiko ba,

Malam Jibrilla.