Kalmar da Bature Ya Faɗa a Gonar Kawu Sallau

Talata Mafara,
12 ga Maris, 1977.

Zuwa ga Yaya Zubairu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali, da yanayin Zariya. Allah ya ƙara lafiya, ya ba da sa'ar karatu. Mu nan kowa ƙalau. Inna ta ji sauƙin ƙafarta, har ta je suna Bakura.

Yaya, ka san aikin tafinta da na samu wurin masu awon madatsar ruwa. Ranar Laraba aka tura mu wajen Maradun, sai ga mu a fadamar Kawu Sallau, yana ban ruwan albasa. Baturen da nake bi ya duba taswira, ya ce in gaya wa Kawu ruwa zai ci gonar duka, har da gidan. Na ce masa wannan yayan mahaifiyata ne, a hannunsa na tashi. Ya sosa ƙeya, ya faɗi kalma ɗaya, wai "okwad". Kawu ya tambaye ni me baƙon ke cewa. Na ce yaba albasar yake. Kawu ya ji daɗi, ya cika mana kwando, ya raka mu har mota yana sa mini albarka.

Da na dawo na sami Malam Falalu, mai koyar da Turanci, na tambaye shi ma'anar kalmar, ya buɗe ƙamus. Ya ce ana nufin halin da mutum zai ji nauyi, ya rasa inda zai sa kansa, asalinta kuwa tsohuwar kalma ce mai nufin abin da ya juya baibai. Wai sukan faɗe ta in mutum ya manta sunan baƙo, ko ya ɓarar da shayi a gaban jama'a. Yaya, kalmar ɓarar da shayi aka faɗa a kan ƙasar da Kawu ya noma shekara arba'in.

Na yi tunanin ajiye aikin, amma ko na ajiye ruwan zai zo, kuma baƙo ne zai gaya wa Kawu. Inna ma ban faɗa mata ba. Da kana kusa da mun tafi tare, amma kafin takardar nan ta iske ka an gama. Litinin za mu koma kafa turakun alama, kuma Kawu zai sake tambayata me aka ce.

Ka sa ni a addu'a. Ka gaishe da Yaya Barira da yara. Inna da Taibatu suna gaishe ku.

Ni ne ƙanenka,
Lauwali