Ɗorawar Inna

Litinin, 14 ga Oktoba 2024

Gwaggo ta kira ni bakin gadonta. Ta ce ta aika wa Yaya Murtala Funtua, zai zo Ƙarfi ranar Juma'a. "Shafa'atu, ina son in gan ku tabarma ɗaya kafin in tafi." Na ce to. Amma wallahi maganar tana nan a bakina. Gona tasa ce, ɗorawar da ke tsakiyarta kuwa Inna ni ta bar wa, da kalwarta nake daddawa. Ya sare ta don tarakta ta wuce. Abin da na gaya masa ranar ne ya sa bai sake tako gidan nan ba.

Talata, 15 ga Oktoba

Na kishingiɗa bayan azahar, sai ga ɗorawar a tsaye, jajayen furanninta suna lilo, Inna a gindi tana tsintar kalwa a ƙwarya. Ta yi magana, ban ji ba. Na farka ina jin ƙamshinta.

Laraba, 16 ga Oktoba

A Islamiyya Malama Mairo ta yi mana ladabin annabawa wajen magana. Yadda Annabi Ibrahim ke lallashin mahaifinsa, "babana, babana". Sai Annabi Yusuf: da 'yan'uwansa suka tsaya gabansa yana lissafa ni'imomin Allah, ya ambaci fitowarsa daga kurkuku, bai ambaci rijiyar da suka jefa shi ba, don kada su ji kunya. Kai! Ni da tun daga ƙofa zan fara da rijiyar. Na ce, "Malama, ai shi Annabi ne." Ta yi dariya: "Ai don irinki aka aiko su."

Alhamis, 17 ga Oktoba

Ina ɓarar masara ina shirya abin da zan faɗa masa. Kullum sai ya tsinke a tsakiya.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Ya zo. Ya rame, furfura har a gira. Tausayinsa ya kama ni, haushi ma ya kama ni don na tausaya. Muka zauna gaban Gwaggo, na kawo tuwo. Ya daɗe yana kallon miyar, ya ce, "Shafa, batun iccen nan…" Sai na ji bakina ya ce, "Yaya, tuwonka zai huce. Masararka ta yi kyau bana, na gani." Gwaggo ta lumshe ido, hannunta a kan namu.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Ya koma, ya ce zai dawo jibi da maganin Gwaggo. Ban ce na yafe ba fa. Daddawar da na cusa masa a jaka, yawa ta yi mini. Kalwar ƙarshe ta bishiyar Inna, wadda na ƙulle a tsumma, na kwance na duba, lafiyarta lau. In damina ta faɗi zan tambaye shi gefen da tarakta ba ta bi, in shuka ta a can.