Muryar Arlen

4 ga Afrilu, 1997

Yaya Marlys,

Gaisuwa buhu guda daga ƙaninki Wendell, gwanin ganga na duk Minnesota. Ya gwiwar taki? Ya mai gidanki Harold da tumbinsa? Ki yi haƙuri da rubutun, kin san ni da biro ba ma shiri.

Wani mai tara tsofaffin faifai ya bugo min waya daga garin Duluth. Wai ya ji labarin faifan ƙungiyarmu ta Gravel Kings, wanda muka ɗauka a garejin Baba a 1966, ni a ganga, yayanmu Arlen yana waƙa. Wai bai taɓa ganin ko ɗaya ba, ko ina da shi? Na ce malam ai ya ƙare tun ranar da ya fito, 'yan mata har dambe suka yi a kai.

Ke dai kin san ƙarya na zuba. Ɗari uku aka buga, ba mai saye. Satin da aka kira Arlen soja muka kwashi kwalayen zuwa bayan gona, wannan ya cilla faifai sama wancan ya harbe da bindigar farautar agwagi. Mun sha dariya ranar. Wa ya san ba zai dawo daga Vietnam ba?

Marlys, jiya ina aski na nemi muryarsa a kaina na rasa. Fuskar na nan, muryar babu. Sai na nemo faifan nan, ko guda ɗaya ne.

Naki,
Wendell

20 ga Mayu

Yaya Marlys,

Ina fata kuna lafiya, ni kam garau, sai motar ce ke tari.

Gidan rediyon da ya taɓa sa mu sau ɗaya ya zama shagon taya. Mutumin da ya zo gareji da na'ura ya ɗauke mu kuma ya rasu. Matarsa ta cika ni da kofi da kek, ta ce, “Au, kai ne mai gangar? Marigayi ya ce kamar ana jefo tukwane daga bene.” Na ce mata hassada ce, Allah ya jiƙansa duk da haka.

Amma ta tuna Arlen ya ba Otto Rask guda biyar, mutumin nan mai zuba faifai a akwatunan kiɗa na mashaya, waɗanda ake jefa wa kwabo. Na same shi a gidan tsofaffi, shekararsa casa'in, ya ɗauka gyaran famfo na zo. Na gyara masa kuwa. Sannan ya ce akwai akwati ɗaya da bai taɓa komawa ya canza ba, a wata mashayar masunta kusa da iyakar Kanada, hanyar ta cika laka.

Ki sa ni a addu'a. Tsoro nake ji, kar ki faɗa wa Harold.

Wendell

2 ga Yuni

Yaya Marlys,

Gaisuwa. Ki zauna kafin ki karanta.

Faifan yana nan. Mai wurin, Darlene, ta ce Otto ya tafi da makullin akwatin tun ba ta yi aure ba, ba wanda zai fasa mata shi. Waƙarmu ce lamba B7 a jikin akwatin. Ta ce masunta na danna ta in suna so su kori baƙi. Na ce ai ba kowane kunne ke gane gwaninta ba.

Na jefa kwabo. Faifan ya yi ƙarar soya ƙwai, sai ga gangata ta ruga da gudu ita kaɗai, sai muryar Arlen ta ce, “Wendell, kai jaki, jira mu mana!” Ya yi dariyar nan tasa ta hanci. Na ma manta mai na'urar bai yanke wurin ba. Marlys, sunana ya kira. Na riƙe akwatin da hannu biyu, Darlene ta juya tana goge kofin da ta riga ta goge.

Matar marigayi ta yi gaskiya, tukwane ne.

Ɗaya gefen faifan shi ne B8, waƙar nan mai sanyi da kika yi mana tafi a ciki. Ban danna ba. Mutumin Duluth ma ban gaya masa komai ba tukuna. Ki sa Harold ya kawo ki ran Asabar, ki zo da takalmin laka. Ba zan ji shi ni kaɗai ba.

Ƙaninki,
Wendell, mai jefo tukwane