Ni Na Shiga Ɗakin Tiyata

Uwata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jikokina. Ki gaya wa ƙaramin, in ya sake cewa zai ƙwace mini mata, zan sa shi barcin da sai ya yi gemu zai farka. Mu nan kalau, sai gwiwar mahaifiyarki.

Kin rubuto wai in riƙa tauna magana a taron ƙungiya, tunda yanzu ke ce sakatariya. To bari in tuna miki wanda kike ja wa kunne. Da ƙyar na gama sakandare, ba ni da kawu a ofis, ba wanda ya taɓa kama hannuna ya kai ni wurin wani. Da tura gadon marasa lafiya na fara. Na shiga makarantar jinya da ƙafata, na yi kwas ɗin sa barci ina da iyali, ina karatu a kan benci a bakin ɗakin tiyata. Na gina gidan da aka haife ki. Ita kanta ƙungiyarmu ta ma'aikatan jinya masu sa barci, a zaurena aka fara ta, kan tabarma, lokacin da in an gama aiki likita kaɗai ake yi wa godiya, mu muna bayan ƙyalle riƙe da numfashin mutum.

Saboda haka, e, ni na miƙe na ce a tafi yajin aiki. Dogo, ɗan ƙungiyarmu, ya yi ta kai ƙara kan na'urar numfashi ta asibitinsu har bakinsa ya gaji, ba a gyara ba. Da mara lafiya ya rasu, wa aka dakatar? Dogo. In muka yi shiru, gobe ke ce. Kada kowa ya taɓa allura sai an mayar da shi bakin aiki, kuma duk wanda ya karya a kore shi daga ƙungiya. Ni na kawo shawarar, aka ɗaga hannu, ban janye ko kalma ɗaya ba.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
Baban Tiyata

Uwata,

Bayan gaisuwa, ina fatan zazzaɓin ƙaramin ya sauka. Ki daure ki ba shi maganin har ya ƙare.

Gara ki ji daga gare ni. Ran Talata da hantsi ina tsakar gida ina wanke babur, sai ga shugabar nas-nas ɗinmu da kanta, ko mayafi ba ta tsaya ɗauka ba. Wani birkila ne ya faɗo daga saman gini, saifarsa ta fashe, jini na zuba a ciki. Ba zai kai wani asibiti ba, ko ya kai ma can ɗin yaji ake. Sabon likitan nan ya ce zai yi masa allurar barcin da kansa, sannan ya zagaya ya kama wuƙa. Kin san ma'anar wannan. Babu kowa a wajen kan mutumin, babu mai kallon ƙirjinsa.

Na ce mata ba zan je ba, na rufe ƙofa. Na zauna cin abinci. Sai mahaifiyarki ta ɗauko takalman tiyatata ta ajiye a bakin ƙofa ta koma ɗaki. Na ɗauke su na fita.

Da na isa, mutanenmu na zaune ƙarƙashin bishiyar bakin asibiti da kwalayensu na yaji, har da Dogo da ya zo taya mu. Suna hango ni suka miƙe, suna cewa ga Baba, aka matsa mini wuri a benci. Na wuce su. Uwata, na sha ganin abubuwa a aikin nan, amma ban taɓa tafiya mai nauyin wannan ba.

Mutumin yana nan da rai. Da ya farka likita ya yi ta sa wa albarka, yadda aka saba. Na wanke hannuna, na fito na zauna a bencin. Ba wanda ya kalle ni. Dogo ya tashi ya koma wancan gefen.

Da la'asar shugaban asibiti ya aiko wai yana godiya, kuma akwai ayyuka da ke jira gobe. Na ce wa ɗan aiken ya koma ya gaya masa ba dominsa na shiga ba, kuma mai gwaiwa da mai basir za su jira har a mayar da Dogo. Ban yi nadama ba, ba kuma zan roƙi kowa ba.

Ki gaishe da maigidanki.

Mahaifinki,
Baban Tiyata

Uwata,

Ina gaishe ki, ina fatan kowa lafiya. Yau ba zan tsawaita ba, raina a ɓace yake.

An karanta mini rahoton da kika shirya wa taron Asabar. Wai "wani mamba da ba a tantance ba" ya shiga ɗakin tiyata. Da rana tsaka na wuce ta gabansu, da wannan furfurar tawa, shi ne ba a tantance ba? Na san kin yi ne don kada a kore ni daga abin da na kafa, na kuma san su ma sun yarda su runtse ido don kunyata. Allah ya saka da alheri. Amma ba na so.

Kin san abin da rufa-rufarki ta jawo? Waɗanda ba su nan ranar sun fara nuna Auta, yarinyar nan da ta gama kwas bara, don kawai tana zaune a gidajen asibiti. Jiya ta zo gidana tana kuka, an daina amsa gaisuwarta. Sannan in aka ga doka ta tsallake ni, gobe wani zai shiga ya yi aikin da ba na gaggawa ba, ya ce ai Baba ma ya yi. Yajin ya watse ke nan, Dogo ya zauna a gida har abada.

Ga katina na ƙungiya a cikin ambulan ɗin nan. Ki miƙa wa shugaban ƙungiya a gaban jama'a, a kore ni yadda aka tsara, kuma kada muryarki ta yi rawa. Zan ci gaba da zama a bencin nan ko ba wanda zai yi mini magana. In kuna da hankali, ku zauna ku tsara wanda zai riƙa tsayawa domin irin birkilan nan, abin da ya kamata in faɗa tun farko.

Mahaifiyarki na gaishe ki, ta ce kada ki yi kuka a gaban mutane.

Ki goge "wani mamba". Ki rubuta sunana cikakke, da na mahaifina, da manyan baƙaƙe, ki ce shi ne ya kira yajin, shi ne ya shiga.

Mahaifinki,
Baban Tiyata