Ajin Matan Toranke a Waya

Yaya Barau,

Assalamu alaikum. Yaya ƙafar Inna? Yaya gyaɗar bana? Ina lafiya, sanyin Ingila ne dai yake ɗan taɓa gwiwata.

An ce za ka karɓe wayar Hansai, wai ajin da nake koyar da matan Toranke ƙona data ne kawai. Raina ya ɓaci ƙwarai! Da farko kam kunya ta sa sun yi gum, ni kaɗai nake surutu kamar rediyo. Sai na fara buɗe darasi da "Ga ta nan, ga ta nanku." Wa ya isa ya ƙi amsawa? Jiya matarka Hansai ta yi ta gardama da ni har lokaci ya ƙare.

Don Allah bar mata wayarta. Allah ya ƙara girma.

Ƙanwarka,
Karimatu