Kifin da Na Hana Babanki

Chintheche, ranar Lahadi

'Yata Tiwonge,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya kike, yaya sanyin Cape Town da aikin bincike? Ki yi haƙuri da rubutuna, hannun da ya koyi riƙe biro bayan furfura ba ya sauri.

Ƙarin da ke maƙogwaron babanki bai ragu ba. Na riƙe bayanin aikinki da kika yi mini a waya. Kin ce kowace ƙwayar jiki tana da 'yan ƙofofi, in saƙon girma ya zo sai su buɗe, kalsiyam ya shiga, ƙwayar ta hayayyafa, kuma a irin ciwonsa ƙofar ba ta rufuwa daidai. Na tambayi nas inda ake samun kalsiyam, ta ce a ƙashin ƙananan kifi. Sai na daina dafa masa usipa, 'yan kifin nan na tafkinmu. In ban iya rufe ƙofar ba, ai zan iya hana baƙon zuwa.

Yana ta mita. Wai shi da ya tsufa a kwalekwale, yau likitar yaƙi da jahilci, wato ni, za ta raba shi da kifin tafkinsa. Kunu kawai nake ba shi.

Yaushe za ki zo?

Mahaifiyarki,
NyaMhone

Chintheche, bayan girbin masara

'Yata Tiwonge,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Amsarki ta daɗe a hanya. Na karanta ta a hankali har na gane: kifi ba ya buɗe ƙofar, ba ya rufe ta, kin ce in ba shi duk abin da ransa ke so.

Ranar na sayo usipa a bakin tafki, na dafa da tumatir yadda yake so. Yanzu ko ruwa da ƙyar yake wucewa. Ya riƙe kwanon a cinyarsa yana shaƙar tururin har ya huce, sannan ya ce likita ta yi gishiri daidai. Bai ƙara yi mini tsiya ba, kuma wannan ya fi damuna.

Kin ce ba za ki iya tahowa yanzu ba, domin ƙwayoyin da kike kiwo a kwalba za su mutu in ba a ciyar da su ba, aikin shekaru ya lalace. Ban ga laifinki ba. Amma ki roƙi wani ya ba su abincin. Su dai suna ci.

Babanki yana gaishe ki. Ya sa an juya gadonsa ya fuskanci hanya.

Mahaifiyarki,
NyaMhone